Ɗaurin talala: Yadda manhaja ke tsare kibiyar linzami a cikin taga

Tun da jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya a shekarar 2015, sarrafa linzamin kwamfuta ya zama wajibi ga matasan Kurfi da Dutsin-Ma, kamar yadda ya zama ga ma'aikata da 'yan kasuwa. Sai dai kaɗan ne suka san cewa manhaja na iya yi wa kibiyar linzami ɗaurin talala, ta yi yawo a cikin taga guda amma ta kasa ƙetare iyakarta.

Amfanin hakan a fili yake. Mai zane ko mai wasan kwamfuta, musamman idan yana aiki da allo biyu, yakan ja hannu da sauri, kibiyar ta zarce waje, ya danna wata taga, aikinsa ya katse. Don haka Windows ta tanadi umarnin ClipCursor, wanda ake ba shi iyakokin fili mai kusurwa huɗu, duk lokacin da kibiyar ta nemi fita sai a tsayar da ita a bakin iyaka. Rumbunan manhajar zane irin su SDL, wanda Sam Lantinga ya fitar a 1998, da GLFW, sun sauƙaƙa aikin, ta yadda umarni ɗaya zai yi aiki a Windows da Linux. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, zai iya sauke su kyauta ya gwada.

Amma talala ba kurkuku ba ce. Tsare kibiya ba ya hana mutum sauya taga da madannai, saboda haka duk mai tsara manhajar jarrabawa kada ya ɗauke shi maganin satar amsa. Ƙa'idar ita ce a saki kibiyar da zarar mutum ya koma wata taga.

Akwai kuma masu damfara da kan cika allo da gargaɗin ƙarya, su ɓoye kibiyar, su ce kwamfuta ta kamu da cuta, a kira wata lamba ko a tura kuɗi. Kada a firgita. A danna Esc, ko a riƙe shi na ɗan lokaci, manhajar shiga intanet za ta saki kibiyar. Idan ya ƙi, a haɗa Alt da F4 a rufe tagar, kuma kada a kira lambar.