Ƙura, ƙaya da busasshen tsumma: Yadda ake goge ƙwarzanen fentin mota da hannu a Dungas

A garin Dungas da ke jihar Damagaram, ba kasafai hatsari ke fara lalata fentin mota ba. Abin da ya fi cinye shi shi ne busasshen tsumman da direba ko yaron mota ke ɗauka da safe ya share ƙurar da ta kwana a jikinta.

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zube ta a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. A nan take haɗuwa da yashin gari, wanda ƙwayoyinsa suka fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk sanda aka bi ta kansu da tsumma ba ruwa, tamkar an goga wa motar samfefa ne. Daga nan ake samun siraran zanen nan masu kama da saƙar gizo, waɗanda ke fitowa fili idan rana ta haska baƙar mota.

Sauran aikin kuma ƙaya ke ƙarasa shi. Motar da ke bin hanyoyin ƙauyukan Dungas da Magariya, ko ta ɗauki 'yan kasuwa zuwa Maigatari ranar Alhamis, ba ta rasa gogar reshen aduwa, bagaruwa ko magarya, ko kuma gefen amalanke a cikin cunkoso.

Me ya sa abin ya shafi aljihu?

Galibin motocin yankin na hannu ne, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano. Rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya karkatar da kaya zuwa tashar ruwan Lome ta cikin Burkina Faso, hanya mai nisa da ƙarin kuɗi. Ga ɗan ci-rani da ya yi shekaru yana tari a Libiya, Aljeriya ko Legas ya saya wa ƙaninsa motar haya, wannan mota ita ce jarin gidan gaba ɗaya.

A wajen dillalai, fenti na daga cikin abin da ake fara dubawa. Motar da ke ɗauke da fentinta na kamfani ta fi wadda aka sake wa feshi daraja, domin mai saye na zargin sabon fenti da ɓoye tabon hatsari. Saboda haka goge ƙwarzane da hannu ya fi sauƙin kuɗi, kuma yana kare farashin motar, muddin an san iyakarsa.

Abin da gogewa ke yi wa fenti

Fentin motar zamani hawa uku ne a kan ƙarfe: shimfiɗar farko mai riƙe ƙarfen, sai launi, sai wani fenti garai-garai kamar gilashi a sama, wanda ke ba da sheƙi kuma ya tare zafin rana. Wannan na saman bai kai kaurin gashin mutum ba a mafi yawan motoci.

Man goge fenti ba ya cike ramin ƙwarzane. Ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa na cinye fentin da ke kewaye da ramin ne har wurin ya daidaita. Ke nan kowace gogewa na rage wannan siririn rufi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Idan aka huda shi, launin ƙasa zai fito dusu-dusu, daga baya rana ta sa ya fara ɓarewa. A nan ne ake garin gyaran gira a rasa ido.

Gwaji kafin a taɓa motar

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko dala. Na farko, a zuba ruwa a wurin. Idan ƙwarzanen ya ɓace yana jiƙe, ya dawo da ya bushe, to a sama ya tsaya, kuma hannu zai iya masa. Na biyu, a bi ta kansa da farce a hankali. Idan farcen ya maƙale, ramin ya yi zurfi, gogewa za ta rage bayyanarsa ne kawai.

Wani lokaci abin da ake gani ba rami ba ne, fentin wata mota ko babur ne ya shafu a kai. Wannan ya fi kowanne saurin fita.

Wasu tsofaffin motoci kuma ba su da rufin saman. Ana gane su idan launin motar ya fito a jikin tsumma yayin gogewa. Su ma suna goguwa, sai dai a sassauta hannu.

Yadda ake aikin

Da wanki ake farawa. A fara watsa ruwa sosai ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa motar. A ajiye bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, a wanke daga sama zuwa ƙasa. Ruwan rijiya mai yashi a bar shi ya kwanta tukuna.

A yi aikin a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankin na haura digiri 40, kuma man gogewa na bushewa a kan ƙarfe mai zafi kafin ya yi aikinsa.

A ɗigo man kamar girman ƙwayar gyaɗa a kan soso mai laushi. A ɗauki ɗan wuri da bai wuce taki biyu ba, a goga a miƙe gaba da baya, sannan a gicciye, da matsakaicin ƙarfi na minti ɗaya zuwa biyu. A share da tawul mai laushi mai tsabta, a haska da fitilar waya a duba. Idan da saura a maimaita sau ɗaya ko biyu, sannan a dakata. Gefen ƙofa da ƙusurwoyin bodi sun fi ko'ina ƙarancin fenti, su ne ke fara hujewa.

Bayan man mai kaushi sai a bi da mai laushi domin sheƙi ya dawo, a rufe da kakin mota, wanda ke kare wurin daga rana da ƙura.

Masu gyaran bodi kan yi amfani da samfefa mai lamba 2000 ko 3000, a jiƙe da ruwa, ga ƙwarzanen da ya ƙi fita. Wanda bai taɓa yi ba gara ya bar musu, domin 'yan daƙiƙoƙi sun isa a cinye rufin.

Dabarun da ke jawo asara

Shafa baƙin mai ko man gas na ɓoye ƙwarzane na kwana ɗaya ko biyu, sannan ya tara ƙura fiye da da. Man birki kuwa cin fenti yake yi, ko ɗigo ne ya zuba a wanke nan take. Garin sabulun wanki na cire kakin da aka shafa. Man goge baki da ake yayatawa a TikTok na ɗan dusashe ƙaramin zane, amma ba ya taɓa mai zurfi.

Mai sayen mota shi ma ya lura. Wasu nau'o'in kaki na cike zane na ɗan lokaci, sai an yi wanki biyu ko uku asiri ya tonu. Ya kamata a duba mota da rana tsaka, a wanke, ba da magariba ba.

Lokacin da hannu ya gaza

Idan ƙwarzane ya nuna shimfiɗar farko mai ruwan toka, ko ƙarfe tsirara, maganar gogewa ta ƙare. Dole a rufe wurin kafin damina ta sauka a watan Yuni, in ba haka ba tsatsa za ta shiga ƙarƙashin fentin ta riƙa ɗaga shi. Lambar launin mota na rubuce a wani ɗan allo, galibi a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin gidan inji. Da ita mai fenti a Damagaram ko Kano zai haɗa launin da ya dace, a ɗiga da ƙaramin buroshi a ramin kaɗai, sauran fentin kamfani ya tsira.

Ga motar da ba ta kai ga haka ba, abin da zai fi tsawaita ran fentinta shi ne a daina share ta a bushe. Idan babu ruwan wanki da safe, a goge gilashi da fitilu, a bar ƙurar bodi a inda take har a samu ruwan.