Yadda Kuɗin Sufuri Ke Cin Guzurin Ɗaliban Nijeriya A Landan

Iyayen da ke tura 'ya'yansu karatu Ingila sukan mai da hankali kan kuɗin makaranta da na hayar ɗaki, su bar batun zirga-zirga a baya, alhali kuwa kuɗi ne da ake kashewa kowace rana. Tun daga watan Yunin 1993 zuwa yau darajar naira ta sha sauye-sauye, amma babu wanda ya girgiza aljihun iyaye kamar na watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ikon tsayar da farashin canji. Fam ɗaya da ake samu a ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ya haura naira 2,000 a shekarar 2024.

Hukumar sufurin birnin Landan ta kasa birnin zuwa shiyya-shiyya, tsakiyar gari ita ce shiyya ta ɗaya, sauran kuma suna kewaye da ita. Kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya dogara ne da yawan shiyyoyin da fasinja ya ratsa da kuma lokacin tafiya. Daga Litinin zuwa Juma'a ya fi tsada tsakanin ƙarfe 6:30 da 9:30 na safe, da kuma tsakanin 4:00 da 7:00 na yamma. Bas kuwa farashinsa ɗaya ne komai nisan tafiya, wanda ya koma fam 1.75 a watan Maris na 2023. Bisa wannan farashi, ɗalibin da ke zuwa makaranta ya dawo kwana biyar a mako zai kashe fam 17.50, wato kimanin naira 35,000 a canjin 2024.

Haka kuma, tun watan Yulin 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi. Ana biya ne da katin Oyster, wanda aka ƙaddamar a 2003, ko da katin banki. Wanda ya sauka daga wani bas ya hau wani cikin awa ɗaya ba ya sake biya. A jirgi kuwa wajibi ne a taɓa katin a ƙofar shiga da ta fita, domin wanda ya manta akan cire masa kuɗi mafi yawa.

Akwai rangwame iri biyu ga ɗalibai. Katin Oyster na ɗalibai masu shekara 18 zuwa sama yana rage kashi 30 cikin ɗari a kan tikitin mako ko na wata, amma ba ya rage kuɗin tafiya ɗaiɗai. Katin jirgin ƙasa na masu shekara 16 zuwa 25, wanda ɗalibai na cikakken lokaci da suka wuce wannan shekaru ma ke iya samu, yana rage kashi ɗaya bisa uku, kuma ana iya haɗa shi da Oyster domin tafiyar da ba ta lokacin cunkoso ba. Saboda haka, mai darasi kullum ya fi cin ribar tikitin wata, mai darasi kwana biyu a mako kuwa gara ya riƙa biya tafiya-tafiya.

To sai dai babban abin lura shi ne wurin zama. Ɗaki a bayan gari ya fi araha, amma sau da yawa abin da aka rage a haya yakan tafi a jirgi, ga kuma ɓata lokaci. Ɗalibi ba shi da damar cike giɓin yadda ya so, domin bizar karatu ta ƙayyade masa aikin awa 20 kacal a mako lokacin zangon karatu. Ya kamata iyaye su haɗa kuɗin haya da na sufuri wuri ɗaya, su kwatanta unguwa da unguwa, kafin ɗalibi ya sa hannu a yarjejeniyar haya.