Old Sarum: Kufan da Ya Yi Shekaru Yana Tura Wakilai Majalisar Ingila

Old Sarum tudu ne a gundumar Wiltshire ta kudancin Ingila, kimanin kilomita uku arewa da birnin Salisbury. A farkon ƙarni na 19 babu kowa a kansa sai ciyawa da ragowar tsohuwar ganuwa, amma duk da haka kujeru biyu gare shi a majalisar wakilai ta Landan. Shi ya sa sunansa ya zama abin buga misali idan ana maganar abin da Turawa suka kira ruɓaɓɓun mazaɓu.

A da can gari ne mai ƙarfi, da fadar sarki da babbar majami'a. Sai dai tudun ba shi da isasshen ruwa, iska ta yi yawa, ga kuma rashin jituwa tsakanin malaman majami'a da sojojin fada. A 1220 aka aza harsashin sabuwar majami'a a kwari, kusa da kogin Avon, mutane suka bi ta, sabon garin ya zama Salisbury. Tsohon garin ya yi ta mutuwa sannu a hankali har ya zama kufai. Amma tun 1295, zamanin Sarki Edward na Ɗaya, aka ba shi ikon tura wakilai biyu, kuma babu wanda ya janye wannan iko bayan mutanen sun watse.

Dalilin ɗorewarsa shi ne, ƙuri'a a nan ba ta bin mutum, tana bin fili ne. Akwai wasu tsofaffin filaye da doka ta amince cewa duk wanda ya riƙe ɗaya yana da ƙuri'a. Wanda ya mallake su duka kuwa, ya mallaki kujerun biyu ke nan. Idan zaɓe ya matso, sai mai filayen ya damƙa takardunsu na ɗan lokaci ga amintattunsa, su taru a ƙarƙashin wata bishiya da ke cikin gona, su zaɓi wanda aka gaya musu. Ƙuri'a a bainar jama'a ake kaɗa ta a lokacin, don haka babu mai iya saɓa wa ubangidansa a ɓoye.

A ƙarshen ƙarni na 17 Thomas Pitt, wanda ya yi arziki a fataucin Indiya kuma ya yi gwamnan Madras, ya sayi wurin. Jikansa William Pitt Babba, wanda daga baya ya shugabanci gwamnati, ta wannan kujera ya fara shiga majalisa a 1735. A 1801 aka tura John Horne Tooke, ɗan gwagwarmayar neman gyara wanda yake limamin majami'a ne, abin da ya sa aka yi dokar hana limaman majami'a zama a majalisar wakilai. A 1802 zuri'ar Pitt ta sayar da mazaɓar ga iyalin Alexander, masu sarautar Caledon, kamar yadda ake sayar da gona.

Abin da ya ƙara tona asirin tsarin shi ne, a daidai lokacin manyan biranen masana'antu irin su Manchesta da Birmingham da Leeds, masu dubban ma'aikata, ba su da wakili na kansu ko ɗaya. Akwai kuma Dunwich, garin da teku ta cinye mafi yawansa, shi ma yana da kujeru biyu. Masu kare tsarin suna cewa ta irin waɗannan kujeru ne matasa masu hazaƙa ke samun shiga majalisa.

A watan Maris na 1831 Lord John Russell ya gabatar da ƙudirin gyara a madadin gwamnatin Earl Grey. Da majalisar masu sarauta ta yi watsi da gyaran a watan Oktoba, tarzoma ta ɓarke a Bristol da Derby da Nottingham. Sai da Sarki William na Huɗu ya yarda zai naɗa sababbin masu sarauta don a rinjayi 'yan adawa sannan suka sassauta. Ranar 7 ga Yuni 1832 gyaran ya zama doka. An soke mazaɓu 56 gaba ɗaya, Old Sarum na cikinsu, aka raba kujerun ga manyan birane da gundumomi. Ƙuri'ar sirri kuwa sai a 1872 aka kafa ta. A yau tudun yana hannun hukumar English Heritage, masu yawon buɗe ido ne ke hawansa don ganin harsashin tsohuwar majami'a.