Farar Ƙasar Ƙanƙara: Ina Aikin Yake ga Mai Digirin Kimiyya?

Ɗaliban kemistiri da fiziks suna yawan tambayar mu: "Malam, in mun gama, ban da koyarwa a sakandare, wane aiki za mu yi?" To, ga ɗan Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, amsar ba ta da nisa da gida.

Farar ƙasar da ake haƙa a Ƙanƙara, wadda masana ke kira kaolin, haɗi ne na sinadaran alumina da silika. Idan aka gasa ta a zafin kusan digiri 600 zuwa 800, ruwan da ke ɗaure a cikinta sai ya fita, tsarinta ya warware, ta zama mai saurin karɓar wasu sinadarai. Daga nan ake iya yin alif na tace ruwa, da kuma ziyolait, wani abu mai ƙananan ramuka da matatun mai ke amfani da shi wajen farfasa mai nauyi ya koma fetur. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun daɗe suna wannan aiki da ƙasar Ƙanƙara.

Ka ga ke nan abu ɗaya ya buƙaci mutum uku: mai kemistiri ya sarrafa, mai fiziks ya auna tsarin ƙwayoyinta, masanin kayan ƙira ya gwada ƙarfinta. Haka ma totuwar masarar Faskari da Sabuwa: ana mayar da ita gawayin da ke tsotse datti daga ruwa.

A ina ake ɗaukar irin waɗannan mutane? A Zariya akwai cibiyar CERT, inda injin nukiliya na bincike na Nijeriya ke aiki tun 2004, ana gano sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da shi. Akwai NARICT a Basawa, cibiyar binciken fasahar sinadarai. A jiharmu akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.

Matakin farko a jami'a shi ne mataimakin malami. Yawanci ana neman digiri mai daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, da shaidar bautar ƙasa. Daga nan sai digiri na biyu, sai na digirgir. TETFund na ɗaukar nauyin karatun malaman da ke bakin aiki a manyan makarantun gwamnati, PTDF kuma na bayar da tallafi a fannonin da suka shafi mai da makamashi.

Gaskiya guraben ba su da yawa, kuma rashin tsaro ya sa zuwa daji ɗebo samfuri ya yi wuya. Amma a nan ɗan gida ya fi baƙo: ya san ramukan, ya san masu haƙa. Don haka in kana aji uku, fara tunanin aikin bincikenka na shekarar ƙarshe tun yanzu. Zaɓi abin da ke ƙasarku, ka koyi na'urar awo ko da guda ɗaya da kyau, ka nemi malamin da ke wallafa bincike ka manne masa.