Me Ya Sa Ake Kiran Kare Bobi, Ba A Kiransa Bello?

A garuruwan Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi, ba abin mamaki ba ne a ji yaro yana kiran karen gidansu da Bobi ko Jak. Waɗannan kuwa sunayen mutane ne a ƙasashen Turai. To, me ya sa kunnen Bahaushe ya karɓe su, alhali da za a kira kare Bello ko Sani sai an kai ga mai gari?

Dalili na farko na tsarin sauti ne. Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB, kuma akasarin kalmomi da wasali suke ƙarewa. Bobi gaɓa biyu ce buɗaɗɗiya, ana iya jan wasalin ƙarshe a ɗaga murya har kare ya ji daga bakin gona. Jak kuwa gaɓa ɗaya ce rufaffiya, mai kaifi kamar tsawa, ta dace da umurni.

Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi, na ma'ana ne. Ko da yake mazhabar Malikiyya tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kalmar "kare" zagi ce a bakin Bahaushe. Sunan yanka kuwa da rago ake raɗa shi ran bakwai, yana ɗauke da darajar mai shi. Sanya wa kare shi cin mutunci ne. A 2016, a jihar Ogun ta Nijeriya, ƴan sanda sun kama wani mutum da ya sa wa karensa Buhari. Shi ya sa mafarauta suka saba zaɓen sunan launi kamar Duna, ko na dabba kamar Zaki, ko na habaici ga maƙwabci.

Sunan aro ya tsallake wannan shinge domin ya iso ba tare da mai shi ba. Bobi taƙaitawa ce ta Robert, mai ma'anar "shahara mai haske". Jak kuwa daga John ya fito, wanda Musulmi suka sani da Yahaya. Ba wanda ransa ke ɓaci, domin ba wanda ke jin Yahaya a cikinsa.

Darasin ga mai nazarin sunaye shi ne: asalin kalma daban, abin da al'umma ke ji a cikinta daban, kuma na biyun ne ke yanke hukunci.