Usulul Fiƙihi a Jami'a: Abin da Ɗalibi Zai Tarar

 

Duk shekara 'ya'yanmu suna samun gurbin karatun Shari'a a Jami'ar Musulunci ta Sayi a Nijar, ko Azhar, ko Madina. Da yawansu daga zaure suka fito, sun sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, wasu har Risala da Askari. Waɗannan littattafai suna gaya wa ɗalibi hukunci: wannan farilla ne, wancan sunna. Ba su cika tsayawa faɗin inda hukuncin ya fito ba. Fannin da ke wannan aiki shi ne Usulul Fiƙihi, kuma a jami'a ne da yawansu ke fara karanta shi. Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a shekara ta 204 bayan Hijira, shi ya fara keɓe masa littafi, Arrisala (ba Risalar Ibnu Abi Zaidin da muka saba da ita ba).

Za a fara da dalilan da mazhabobi huɗu suka haɗu a kansu: Alƙur'ani, Sunna, Ijma'i da Ƙiyasi. Sannan waɗanda aka yi saɓani a kai, kamar aikin mutanen Madina, da maslaha, da istihsani, da toshe kafar ɓarna. Inda ɗalibai suka fi shan wuya shi ne babin lafuzza: shin kowane umarni wajabci yake nufi? Yaushe ake keɓance lafazi mai gamewa? Wanda nahawunsa ya yi rauni, nan yake tsayawa.

Ga misali. Imamu Malik da kansa ya ruwaito a Muwaɗɗa, daga Nafi'u daga Ibnu Umar, hadisin da ke ba mai saye da mai sayarwa zaɓin warware ciniki matuƙar ba su rabu ba. Shafi'i da Ahmad sun yi aiki da zahirinsa, suka ce rabuwar jiki ake nufi. Malik bai yi ba, domin a wurinsu Madina babu wani sanannen aiki a kan haka. Ciniki yana ƙulluwa ne da zarar an ce na saya, na sayar. To, a nan ba wanda ya jahilci hadisi. Saɓanin a kan ƙa'ida yake: idan hadisin ɗaiɗaiku ya ci karo da aikin Madina, wanne za a gabatar?

Wannan ne ya sa muke jan hankalin ɗalibai. A Madina, alal misali, an daɗe ana karanta Raudatun Nazir na Ibnu Ƙudama, Bahambale. Littafi ne mai daraja, amma wanda ya tsaya a kansa kaɗai yakan dawo gida yana zaton limamin unguwarsu ba shi da hujja, alhali hujjarsa tana kan wata ƙa'idar da shi ɗalibin bai zurfafa a cikinta ba. Mun ga masallatai sun rabu a kan irin wannan.

Shawararmu, kafin tafiya a karanta Waraƙat na Juwaini gaban malami. 'Yan shafuka ne. A hutu kuma a haɗa da usulun Malikiyya: Tanƙihul Fusul na Ƙarafi, ko Maraƙis Su'ud da mutanen Shinƙiɗi ke haddacewa, ko Alfiyyatul Usul ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Muwafaƙat na Shaɗibi kuwa, a bar shi sai shekarar ƙarshe.