A Daina Tura Saƙon "Girgizar Ƙasa Na Tafe"

Da zarar an yi girgizar ƙasa a wani wuri, ba a kwana biyu sai saƙonni sun cika WhatsApp: wai masana sun ce ranar kaza ƙasa za ta motsa, kowa ya kwana a waje, a tura wa 'yan uwa. Abin haushi, har masu ilimi na cikin masu turawa, ba wanda ya tsaya ya tambayi wane masani ne, a ina ya faɗa.

Wannan ɗabi'a ta taɓa hana ƙasa guda barci. A watan Janairun 2010, 'yan kwanaki bayan girgizar Haiti, jita-jita ta bi wayoyin mutane a Ghana cikin dare cewa tasu na tafe. A Accra da wasu garuruwa aka riƙa buga ƙofofi ana tashin maƙwabta. Mata da goyo, tsofaffi riƙe da tabarmi, aka zube a filaye da bakin titi cikin sanyi har gari ya waye. Ƙasa ko gezau ba ta yi ba. Wanda ya ƙirƙiri ƙaryar bai fito ya ba da haƙuri ba, waɗanda suka yaɗa ta kuwa kowa ya ce taimako ya yi.

Za a ce ai wani ɗan ƙasar Holan, Frank Hoogerbeets, ya faɗi girgizar Turkiyya da Siriya kwana uku kafin ta afku ranar 6 ga Fabrairun 2023, ta kashe mutum sama da 50,000. To, bai faɗi rana ba, cewa ya yi ko ba daɗe ko ba jima, a yankin da dama can ya saba girgiza. Wannan daidai yake da a ce za a yi ruwa a watan Agusta.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta sha faɗa cewa babu masanin da ya taɓa faɗin ranar babbar girgiza da wurinta da ƙarfinta tun kafin ta zo. A Sin an kwashe mutanen Haicheng a 1975 saboda ƙananan motsin da suka riƙa ji, aka tsira da rayuka da yawa. Shekara ta zagayo, ta Tangshan ta faɗo ba sallama, ta kashe sama da 240,000. Haushin karnuka da canjin ruwan rijiya da wasu ke ɗauka alamun girgiza ma ba abin dogaro ba ne. Na'urorin gargaɗi na Japan kuwa sai girgiza ta fara suke jiyo ta, su ba mutane 'yan daƙiƙoƙi su ɓuya.

Mu ma ƙasa kan motsa a wajenmu, kamar yadda aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018. Akwai cibiyar gwamnati a Toro ta Jihar Bauchi da ke sa ido kan haka.

Don haka duk saƙon da ya zo da rana da lokaci, ƙarya ne, goge shi. Kar ka ce "yadda aka turo min na tura", wannan ba ya wanke ka. Gaya wa wanda ya turo, ko yayanka ne, cikin ladabi. In kuwa ka ji ƙasa na motsi da gaske, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka kare kanka, in a waje kake nisanci katanga da turakun wuta. Labarin abin da ya faru kuma ka jira shi daga hukuma ta rediyo.